Sharhi: madabod ɗin da ke kashe kwamfuta lokacin da take hutawa, da kamfanin da ya ƙi saurara

Jama'a wannan madabod ɗin, wato babban allon da ake ɗora duk kayan cikin kwamfuta a kansa, ban ba kowa shawarar ya saye shi ba, musamman wanda kwamfutarsa ke kwana a kunne ko wanda ke barin aiki yana tafiya ya tashi ya dawo. Ban kira sunan kamfanin ba saboda abin da zan faɗa ya shafi duk mai shirin haɗa kwamfuta ko wane iri zai saya, ina so a gane alamar ciwon ne tun kafin mutum ya ƙona kuɗinsa wajen canza kayan da lafiyarsu lau.

Bari in fara ba shi haƙƙinsa. A ido bod ɗin ya haɗu, ramin ram guda huɗu, wurin sa SSD na M.2 da murfin ƙarfe mai shanye zafi, tashoshin USB a baya sun wadatar, ga maɓallin sabunta BIOS, wato manhajar cikin bod ɗin mai tada kwamfuta, ko da ba a sa firosesa ba. Haɗa shi bai ba ni wahala ba ko kaɗan, bugu ɗaya ya tashi. Kuma idan ka ɗora masa aiki mai nauyi, irin fitar da bidiyo ko gem, wallahi ba ya ko gezau, awanni zai yi yana ja. Iyakar alherinsa ke nan.

Matsalar tana zuwa ne idan kwamfutar ba ta komai. Ka bar ta a kunne ka je ka dawo sai ka tarar sikirin ɗin na nan yadda ka bar shi amma agogon da ke ƙasa a kusurwa ya tsaya tun ɗazu, ka motsa maus shiru, ka danna Num Lock fitilar kibod ba ta ɗauke ba ta kawo ba, fankoki kuwa na ta juyawa abinsu kamar ba abin da ya faru, dole sai ka danne maɓallin kunnawa ka riƙe har ta mutu. Wani lokacin ma ba daskarewa take ba, kana zaune kana karanta wani abu a burauza, aikin da ko kashi biyar cikin ɗari na ƙarfinta bai ci ba, sai kawai ɗif sikirin ya yi baƙi ka ga tambarin kamfanin ya fito ta sake tashi da kanta. Ba bulu sikirin, ba saƙon kuskure, ba komai. Sai kuma na ukun wanda ya fi ba ni haushi, idan ta shiga barci ka zo tada ta, fitilu su kama fanka ta tashi amma sikirin ya ce ba sigina, ka leƙa cikin kes ɗin ka ga ƙaramar jar fitilar nan ta CPU wato firosesa a jikin bod ta tsaya cak ta ƙi wucewa.

Na buɗe Event Viewer na Windows, inda take rubuta abin da ya faru da ita, abin da ke ciki kullum ɗaya ne, Kernel-Power lamba 41 da kuma 6008 mai cewa kashewar da ta gabata ba a tsammace ta ba. Mutane da yawa suna ganin kalmar Power a wurin sai su ruga su sayi sabon fawa saflai, wato akwatin da ke ba kwamfuta wuta, alhali 41 ɗin nan ba ya gaya maka dalili, abin da kawai yake nufi shi ne Windows ta tashi ta tarar ba a kashe ta yadda ya kamata ba, ko waya ka fizge daga bango shi za ka gani. Abin lura yana ciki idan ka buɗe bayanansa, BugcheckCode ɗin nawa sifili ne kusan kowane lokaci, folda ta Minidump da Windows ke ajiye bayanin faɗuwa kuma wayam, ma'ana abin ya faru da sauri har Windows ba ta samu damar rubuta ko layi ɗaya ba. Idan diraiba ce ta kawo matsala yawanci za ka samu bulu sikirin da lamba irin 0x9F wato DRIVER_POWER_STATE_FAILURE, ka samu fayil ɗin da za ka bincika. Nawa babu. Jefi-jefi dai nakan ga WHEA-Logger lamba 18 bayan ta tashi, wanda shi kuma firosesa ne da kansa ke ba da rahoton ya ci karo da kuskure a matakin kayan ƙarfe.

Kafin in ɗora wa bod laifi sai da na bi komai ɗaya bayan ɗaya don ba na son zaluntar kowa. MemTest86 mai gwada ram ya kwana yana gudu ba kuskure ko ɗaya. Na kashe XMP, saitin da ke ƙara wa ram gudu, na mayar da ram gudunsa na asali, na gwada da sanda ɗaya, na canza rami. Prime95 da OCCT na sake su suka yi ta dukan firosesa zafi bai wuce misali ba kuma ba ta faɗi ba. Na sa mita a layin 12V, ƙa'idar ATX ta fawa saflai ta yarda ya yi wasa tsakanin 11.4 da 12.6, nawa yana zaune daram kusa da 12, duk da haka na aro wani fawa saflai mai kyau na sa, abin bai canza ba. Na goge Windows na sa sabuwa fil ba tare da ko manhaja ɗaya ba. Na tashi Linux daga filash na bar ta, ita ma ta daskare, da na sa ta a kan diski don in ga log sai na tarar rubutun journalctl kawai ya yanke ne a tsakiya, ba kuka ba ƙorafi. Abin da ya raba gardama shi ne da na kwashe firosesa da ram da katin hoto da SSD da fawa saflai ɗina gaba ɗaya na ɗora su a kan bod ɗin wani abokina mai soket iri ɗaya, na bar saitin BIOS yadda ya zo, kwamfutar ta yi kwanaki a kunne tana barci tana tashi ko tari ba ta yi ba. Na dawo da su kan nawa, daren farko ta daskare.

To me ke faruwa a ciki? Wannan shi ne abin da na so kamfanin su zauna su fahimta suka ƙi. Fawa saflai yana turo 12V ta wayar nan mai fil 8 da ke saman bod, shi kuwa firosesa abin da yake sha bai fi bolt ɗaya da 'yan kai ba, idan yana hutawa ma ƙasa da haka. Masu sauke wutar su ne kayan da ke jere kewaye da soket ƙarƙashin ƙarfen sanyaya, ana kiransu VRM, akwai ƙaramin cif mai ba da umarni, da MOSFET masu kunnawa da kashewa sau dubbai ɗaruruwa a daƙiƙa, da cok da kafasito masu daidaita wutar ta fito sumul. An raba su layi-layi, idan aiki ya yi nauyi duka layukan ke ja, idan ba aiki bod ɗin kan kashe wasu don tattalin wuta. Shi ma firosesa yana da matakan hutu da ake kira C-state, C0 yana aiki, C1 ya ɗan tsaya, idan ya kai C6 kusan yanke wa core ɗin, wato sashen firosesa mai yin lissafi, wuta ake yi gaba ɗaya bayan an adana abin da yake riƙe da shi. Kuma shiga da fitan nan ba sau ɗaya ba ne a yini, a cikin daƙiƙa guda yana iya yin sa ba adadi, ka taɓa maus ya farka, saƙo ya shigo ta intanet ya farka, ya koma. Duk farkawa ɗaya wutar da yake ja tana tsalle ne daga kusan babu zuwa mai yawa cikin ƙiftawar ido, idan VRM ɗin ya yi nawa wajen dawo da layukan da ya kashe, ko BIOS ya saita boltejin hutu ƙasa da yadda ya dace, sai wutar ta nutse na ɗan lokacin da ko mita ba za ta gani ba, firosesa ya yi lissafin banza ya tsaya. Kamar ka tashi mutum daga barci mai nauyi ne ka ɗora masa buhu a ka tun bai gama buɗe ido ba. Shi ya sa a ƙarƙashin aiki mai nauyi ba ta faɗuwa, a lokacin kowa a farke yake wuta na tafiya a miƙe.

Hujjata a kan haka mai sauƙi ce. Na shiga BIOS na kashe C-state, a wasu bod ana rubuta shi Global C-state Control a wasu kuma CPU C-States ko Package C-State Limit, na kashe ASPM mai sa layukan PCIe na katin hoto da SSD barci, na kashe ErP mai rage wutar da take sha bayan an kashe ta, a Windows na cire Fast Startup na hana ta barci kwata-kwata. A Linux kuma processor.max_cstate=1 da pcie_aspm=off na ƙara a layin tashi. Daskarewar zaune ta tsaya cak. Na mayar da C-state kaɗai na bar sauran a kashe, ta dawo. Na sake kashewa, ta tafi. Abu ne da za ka kunna ka kashe da hannunka kamar makunnin fitila, duk injiniyan da aka ba wannan bayanin ya san inda zai dosa.

Amma don Allah kar wani ya ce min ai shi ke nan an gyara. Ba gyara ba ne wannan. Bayan na kashe su, kwamfutar da ba ta komai tana shan wuta fiye da kima, ɗumi na fita daga kes ko da daddare, fanka ba ta yin shiru, kuma a firosesoshi da yawa sai wasu core sun yi barci mai zurfi sannan ɗaya ko biyu ke samun damar hawa ƙololuwar gudunsu, to ka ga har ƙarfin da na biya kuɗinsa an rage min. Barci kuwa na haƙura da shi ɗungurungum don ko da C-state a kashe tashinta daga barci caca ce. Ga shi duk sanda aka sabunta BIOS saitin na komawa yadda ya zo daga kamfani, idan ka manta ba ka sake kashewa ba sai dai ka wayi gari ka tarar da ita a sandare. Abin da aka rubuta a jikin kwali da littafin bod ɗin ya haɗa da waɗannan hanyoyin tattalin wuta, a kunne suka zo, ba ni na je na taɓa wani abu na ƙara gudu ba.

Kuma ɓarnar ba ta tsaya a ɓacin rai ba. Kashewar farat ɗaya tana cin fayil. Akwai aikin da na bari a buɗe na dawo fayil ɗin ya ƙi buɗuwa sam sai tsohon kwafi na koma, akwai bakof da ya yanke a tsakiya, sau da yawa Windows na tashi da duba diski kafin ta shiga. Idan na yi nisa ina son shiga kwamfutar ta intanet in ɗauko wani abu sai in tarar ba ta amsawa kuma ba mai danna min maɓalli. Kullum gabana na faɗuwa idan Windows ta ce za ta yi apdet cikin dare.

Yanzu ga inda raina ya fi ɓaci, wato masu kula da kwastoma. Kaya kan fito da aibi, wannan kowa ya sani, kamfanin da ke buga dubban bod dole wani ya zo da matsala ko BIOS ya zo da kuskure, ban riƙe su da wannan ba. Abin da na riƙe su da shi shi ne yadda suka yi da ni bayan na kawo musu bayani a wanke. Saƙona na farko na rubuta komai, lambar bod, sigar BIOS, jerin kayan da ke kai, gwajin da na yi, hoton Event Viewer, da maganar kunna C-state da kashe shi. Amsar da ta zo bayan kwanaki ita ce in sabunta BIOS, in cire batirin CMOS mai riƙe saitin BIOS in mayar, in gwada ram ɗaya, in sake sa Windows. Duk abin nan yana cikin saƙon da suke amsawa, a sakin layi na farko ma. Na sake rubutawa cikin ladabi na ce an yi waɗannan, sai wani mutum daban ya amsa da sunan daban ya turo min jerin nan dai kalma da kalma. Haba jama'a.

Daga nan aka shiga tura laifi. Suka ce ram ɗina ba ya cikin jerin QVL nasu, wato jerin ram ɗin da suka gwada suka amince da shi, na ɗauki hoton shafinsu na zagaye lambar ram ɗin da ja na tura, ba wanda ya ce uffan a kan wannan sai aka koma cewa fawa saflai ne. Na ce na gwada biyu. Aka ce in tuntuɓi masu firosesa. Na ce firosesa ɗin ya yi aiki lafiya a wani bod. Da suka ga kalmar Linux a cikin bayanina kuwa sai suka samu mafaka, wai ba sa tallafa wa Linux, alhali na ambace ta ne don in nuna matsalar ba ta Windows ba ce, a Windows ɗin da suke tallafawa ai can ta fara. Kuma idan ka yi jinkirin amsa na ɗan lokaci saboda kana gwada abin da suka ce, wanda dole ya ɗau kwanaki tunda jiran daskarewa ake, sai na'urarsu ta rufe tikitin da kanta ta turo maka saƙon an warware matsala da tambayar ko ka gamsu. Ka buɗe sabo a faro daga sifili.

Sau ɗaya na ji kamar an samu mai karantawa, ya turo min BIOS na gwaji ya ce in sa. Na tambaye shi me aka canza a ciki don in san abin da zan lura da shi, ya ce an inganta daidaiton na'ura, shi ke nan, irin layin nan ɗaya da suke rubutawa a ƙarƙashin kusan kowace siga a shafinsu. Na sa, daskarewar ta ragu ba ta tafi ba, na koma na ba shi rahoto dalla-dalla ina murna an kama hanya tunda raguwar ta nuna a BIOS gyaran yake. Ban sake jin ɗuriyarsa ba.

Ƙarshe na tura bod ɗin ƙarƙashin waranti. Na mayar da murfin roba na soket, na sa shi a ledarsa, na rubuta takarda da manyan baƙaƙe na manna da salatif a kan ledar, na ce don Allah ku bar saitin BIOS yadda yake, ku kunna ku ƙyale ta ba aiki har ta kwana, kar ku yi gwajin nauyi don a nan ba ta faɗuwa. Makonni na zauna ba kwamfuta. Ya dawo da takardarsu mai cewa ba a samu matsala ba, a ƙasa an jera gwajin da aka yi, gwajin nauyin firosesa, gwajin hoto na 3D, gwajin ram, duka ya wuce. Wato ainihin yanayin da na ce musu lafiyarsa ƙalau shi suka gwada. Takardata kuwa tana nan a jikin ledar a ninke yadda na ninke ta, salatif ɗin ko ɓantare shi ba a yi ba. Wallahi ranar na ji ciwo sosai, ba don bod ɗin ba, don lokacin da na ɓata ina rubuta bayanin da ba mai niyyar karantawa.

Abin da ya sa ban yarda a ce ba su san irin wannan ciwon ba, ai ba sabon abu ba ne a harkar. A 2013 da Intel ta fito da firosesoshin Haswell masu matakan C6 da C7, sai da aka yi ta maganar cewa tsofaffin fawa saflai ba za su iya riƙe layin 12V daidai ba idan abin da ake ja ya sauka har 0.05A, masu ƙera su suka riƙa fitar da jerin waɗanda suka dace. A 2023 an samu firosesoshin Ryzen 7000X3D da suka ƙone a soket, AMD ta sa aka taƙaita boltejin SoC, wani sashe na firosesan, a 1.3V ta hanyar sabon BIOS. A 2024 kuma ga matsalar firosesoshin Intel ƙarni na 13 da na 14, aka fitar da microcode, wato gyaran umarnin cikin firosesa, 0x129 a watan Agusta da 0x12B a Satumba, na biyun ma yana magance neman boltej mai yawa ne a lokacin hutu ko ƙaramin aiki, aka kuma ƙara shekara biyu a waranti. Nawa firosesa ba ya cikin waɗannan, na kawo su ne don a ga abu biyu, lokacin hutu lokaci ne mai haɗari ga kwamfutar zamani ba kamar yadda ake zato ba, sannan kusan duk gyaran nan ta BIOS yake isowa ga mai kaya, BIOS kuwa a hannun mai bod yake. Idan ka sayi madabod ba ƙarfe da roba kawai ka saya ba, ka ɗaura kanka ne da mutanen da za su riƙa rubuta masa BIOS na shekaru, in sun yi sakaci ba inda za ka je.

Don haka wanda zai sayi bod, ko na wane kamfani ne, ya buɗe shafin saukar da BIOS na wannan samfurin kafin ya biya, ya duba yaushe aka sa na ƙarshe kuma suna faɗin abin da suka gyara ko layi ɗaya suke maimaitawa. Idan ka haɗa kuma kar ka tsaya a gwajin nauyi kaɗai kamar yadda kowa ke yi, ka bar ta a kunne ba aiki ta kwana, ka sa ta barci ka tada ta sau da yawa, duk ka yi wannan tun lokacin da mai sayarwa zai iya karɓar kayansa bai wuce ba, don mayar wa mai sayarwa ya fi bin waranti sauƙi nesa ba kusa ba. Ni lokacin da na gano bakin zaren wannan damar ta riga ta wuce, tunda ciwon ba kullum yake zuwa ba kuma kowa ram da fawa saflai yake fara zargi.

Na canza bod na sa na wani kamfani, kayan nan dai nawa na da ko waya ban canza ba, C-state a kunne, barci a kunne, watanni ke nan lamba 41 ba ta sake fitowa ba. Tsohon ba zan sayar wa kowa ba tare da na gaya masa gaskiyar halinsa ba, kuma wanda ya ji gaskiyar ba zai saya ba. Tauraro biyu cikin biyar na ba bod ɗin saboda ƙarfinsa a aiki mai nauyi, masu kula da kwastoma kuwa ɗaya, shi ma don mutumin nan da ya turo BIOS na gwaji ne. Duk wanda tasa ke daskarewa a zaune tana ba shi 41 da BugcheckCode sifili, ya fara kashe C-state a BIOS ya bar ta ta kwana biyu kafin ya sayi ram ko fawa saflai, idan ta tsaya ya ɗauki hoton saitin da na Event Viewer ya mayar da bod ɗin tun da sauran lokaci.